PMP zan fara nema ko digiri na biyu? Amsa ga matashin da anka ba riƙon aiki

"Assalamu alaikum Injiniya, barka da ƙoƙari. Ni ɗan Sakkwato ne, na karanta injiniyancin gine-gine a jami'ar Ɗanfodiyo, shekara biyu ke nan ina aiki da wani kamfanin kwangila. Kwanan nan oga ya danƙa min aikin ajujuwa shida da rijiyar burtsatse mai sola a wani ƙauye, ya ce ni ne manaja. Gaskiya ban taɓa karanta yadda ake tafiyar da aiki ba, abin da na ga ana yi shi nake yi. Abokaina na ta ce min in yi PMP, wato takardar shaidar ƙwarewa a sarrafa ayyuka, wasu na cewa digiri na biyu ya fi, ni kuma kuɗina ba su da yawa. Don Allah mi zan fara da shi, kuma mi ke raba manajan kirki da wanda sunan kawai yake riƙe da shi?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah shi yi jagora shi sa ka gama wanga aiki lafiya. In na fahimce ka da kyau tambaya biyu ce ka haɗa wuri guda, ta farko wace takarda za ka nema da ɗan abin da ke hannunka, ta biyu yaya za ka riƙe aikin da anka ba ka yanzu kar shi kwance maka. Ni ta biyun ta fi damuna, don takarda tana iya jiranka amma ajujuwan nan da burtsatsen ba su jira, kuma abin da ka yi cikin watannin nan shi ne za ka nuna ran da ka je neman takardar. Na daɗe cikin aikin gini da na ruwa tsakanin nan Sakkwato da Kebbi da Zamfara, na yi ɓangaren ɗan kwangila na yi ɓangaren masu ba da aiki, to daga nan zan ba ka amsa.

Maganar takardu

Bari in sauƙaƙa maka lissafi tun farko, da shekara biyu ba ka ma isa zama jarrabawar PMP ba tukuna, don haka ka bar tada hankalinka. Cibiyar PMI ta Amurka ce ke ba da ita, an kafa cibiyar a 1969 kuma ta fara ba da wagga shaida a 1984. Sharaɗinsu ga mai digiri shi ne wata 36 yana jagorantar ayyuka, wanda ba ya da digiri kuma wata 60, sannan awa 35 na horo a kan sarrafa aiki. Ka lura, jagoranta sunka ce, ba zama ma'aikaci cikin kamfani ba. Wurin cike fom za ka bayyana ayyukan ɗaya bayan ɗaya, mi anka so a cimma, mi kai ka yi da kanka, yaushe anka fara yaushe anka gama, kuma suna iya tsamo sunanka su ce ka kawo shaidar wanda ya kula da kai. Kuɗin jarrabawa ɗaruruwan daloli ne, ka kuwa san yadda dala ta koma tun da anka saki naira a Yunin 2023. In ka ci ma ba ka huta ba, duk shekara uku sai ka tara awa 60 na ƙarin ilimi kafin a sabunta maka. Sukan gyara sharuɗɗa da tsarin jarrabawa lokaci zuwa lokaci, to ran da ka shirya ka karanta daga shafinsu da idonka, kar ka dogara ga mai tallar kwas.

Akwai ƙaramarta, CAPM, ita ba a neman gogewa, awa 23 na horo da takardar sakandare sun isa. Akwai PRINCE2 ta Ingila wadda ta fito a 1996, tana da mataki biyu, kuma ƙarfinta wajen tsara wa ke da ikon yanke wane hukunci ne. Akwai kuma wadda na fi yawan tura matasanmu gare ta, Project DPro, da can PMD Pro ake ce mata, ƙungiyar PM4NGOs ta rubuta ta musamman don ayyukan raya al'umma. Littafinta kyauta ake saukewa, kuɗin jarrabawarta bai kama ƙafar na PMP ba, misalan ciki kuma na ayyukan raya al'umma ne, irin abin da kake gani kullum. A jihar da ƙungiyoyin agaji ke da ayyukan lafiya da abinci mai gina jiki da ruwa kamar tamu, wagga takarda tana da amfani ƙwarai. Nan gida kuma akwai cibiyar CIPMN da doka ta kafa a 2018 don kula da sana'ar manajojin ayyuka, yana da kyau ka san da zamanta.

Amma kai injiniya ne, kuma ni a ganina rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ta riga duk waɗannan muhimmanci gare ka. Ita ce ke ba ka damar sa hannu a matsayin injiniya, ita ake tambaya cikin takardun neman kwangilar gwamnati, kuma su ma shekara huɗu na aiki bayan digiri suke nema tare da rahoton abin da ka yi. Ka ga ke nan hanya biyun duk wuri guda sunka haɗu, kowa cewa yake kawo shaidar aikinka a rubuce. Digiri na biyu ba laifi ba ne, in koyarwa kake so ko hawa mataki a aikin gwamnati zai taimake ka, jami'ar fasaha ta Minna ma tana da sashe guda na wanga fanni. Sai dai bai koya maka abin da za ka yi ran da tifar yashi ta maƙale cikin laka ga birkiloli takwas zaune suna jiran kuɗin yini.

To da ɗan kuɗinka, ka sauke littafin Project DPro ka karanta shi kana gwadawa a kan aikinka, ka zauna jarrabawarta in hali ya yi, ka shiga ƙungiyar injiniyoyi ta NSE reshen Sakkwato kana halartar taronsu, PMP kuma ka sa ta gaba nan da kamar shekara uku. Kuma cikin satin nan ka roƙi oga, cikin ladabi, shi rubuta maka wasiƙa ko ta layi huɗu ce mai cewa kai ne manajan wanga aiki daga rana kaza, da iyakar kuɗin da za ka iya kashewa ba tare da ka tambaye shi ba. Wasiƙar nan za ta yi maka amfani wurin COREN da wurin PMI, kuma tun yanzu za ta raba ka da rigimar wa ya ba ka izini.

Aikin da ke hannunka

Fara da karanta takardar kwangila daga farko har ƙarshe, da zanen gini, da takardar ƙididdigar kaya da farashi wadda muke ce ma BOQ. Wallahi manajoji da yawa ba su taɓa karanta kwangilar da suke aiwatarwa ba, tana can cikin durowar oga. Ka nemo amsar abubuwan nan da biro a hannu, yaushe ne ranar gamawa, akwai tara in anka makara, a wane mataki ake biya, wa ke aunawa shi sa hannu kafin a biya, an yarda a sake duba farashi in kaya sunka tashi ko farashin a kulle yake, nawa za a riƙe bayan an gama kuma har tsawon wane lokaci. Sannan ka ɗora zane kusa da BOQ ka gwada, sau da yawa za ka tarar zane ya nuna taga goma sha biyu BOQ ta lissafa goma, ko an zana baranda ba a sa kuɗinta ba. Irin wanga saɓani tun yanzu ake rubuta ma mai aiki a kai, Hausawa sunka ce tun ran gini ran zane.

Daga nan ka farfasa aikin ƙanana-ƙanana har kowane yanki shi zama abin da za ka iya ce ma mutum guda kai ke da wannan, kwana kaza, kuɗi kaza. Haƙan tushe, zuba kankaren ƙasa, bulo zuwa DPC wato matakin da ake tare danshi, cikon ƙasa, daɓe, bulo zuwa linta, rufi, silin, filasta, ƙofofi da tagogi, fenti. Burtsatse ita ma haka, binciken ƙasa, haƙa, sa bututu da tsakuwa, wanke rijiya, gwajin yawan ruwa, gwajin ingancin ruwa, hasumiyar tanki, famfo da faifan sola, kawunan famfo. Ka jera su kan jadawali mai sanduna, wanda ake danganta shi da Henry Gantt tun wajen 1910, ba sai da wata manhaja mai tsada ba, Excel ta isa, ko kwali da maka ka manna a bangon sito. Abin da ya fi zanen muhimmanci shi ne ka gane wane aiki ke jiran wane. Akwai jerin ayyukan da in ɗaya ya makara da kwana uku to ranar gamawa ma ta matsa da kwana uku, akwai kuma waɗanda suna da sarari. Kamfanin DuPont ne da abokan aikinsa sunka fito da wagga dabara ƙarshen shekarun 1950, kuma har yau ita ce ƙashin bayan tsara lokaci. A naka aikin, ba ka sayen famfo sai an yi gwajin ruwa an san nawa rijiyar ke bayarwa da zurfin da ruwa ke sauka, ba ka san yawan faifan sola ba sai ka san famfo, to in mai injin haƙa ya ɗaga maka da sati biyu duk layin nan ya matsa. Fentin aji kuwa yana iya jira bai hana kowa komai. Hankalinka da kiran wayarka na safe su tafi ga jerin ayyukan da ba su da sarari.

Akwai kuma kalandar da babu littafin waje da zai rubuta maka ita. Damina a nan daga Yuni zuwa Satumba take da ƙarfi, hanyoyin ƙauye da yawa tifa ba ta shiga, don haka yashi da tsakuwa da rodi a kai su kafin ruwa shi zauna, siminti kuma a ɗora shi kan katako nesa da bango. Lokacin shuka da lokacin girbi leburorin ƙauye gona za su, kuma suna da gaskiya, kai ne za ka tsara da sanin haka. Daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40, kankaren da anka zuba da tsakar rana ruwansa na tsotsewa kafin shi kama, sai ka ga tsaga, to a zuba da sassafe ko da yamma, a rufe da buhu a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, ƙarfinsa na ƙa'ida kuwa a kwana 28 ake auna shi. Da azumi aikin ƙarfi daga bayan asuba zuwa hantsi ne. Ranar kasuwar yankin kar ka sa babban zubi. Gwajin ruwan rijiya kuma ya fi gaskiya a ƙarshen rani lokacin da ruwan ƙasa ya yi ƙasa, wanda anka yi a Satumba yana iya faranta maka rai a banza.

Littafin wurin aiki

In abu guda kawai za ka ɗauka cikin duk bayanin nan to wanga ne. Ka sayi littafi mai kauri mai bangon kwali, ka sa lamba a kowane shafi, kullum kafin ka bar wurin aiki ka rubuta kwanan wata, yanayin gari, mutum nawa sunka yi aiki kuma wane iri, mi anka yi kuma har ina, wane kaya ya shigo da lambar motar da sunan wanda ya karɓa, buhu nawa ya fita sito, wa ya kawo ziyara kuma mi ya ce, mi ya tsaida aiki kuma awa nawa. Minti goma sha biyar ne. Ka haɗa da hoto, musamman na abin da za a rufe, rodin cikin ginshiƙi kafin a zuba, zurfin tushe da tef a ciki, bututun rijiya a jere a ƙasa kafin a zura su. Hoton nan ka tura ma oga da injiniyan mai aiki ta WhatsApp ranar, kwanan wata ya zauna ke nan.

Na taɓa zama wurin sasanta wani ɗan kwangila da masu aiki, wani jami'i ya zo duba gini ya ce da baki a ƙara tsawon katanga a sa ƙofar ƙarfe ta biyu, bawan Allah ya yi don ganin girmansa, kafin a zo biya an yi ma jami'in canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ya buɗe fayil ya ce shi bai ga komai ba. Babu wasiƙa, babu rubutu a littafi, babu ko saƙon waya. Mutumin nan ya yi aikin tsakani da Allah amma kuɗin sun bi ruwa, ina kallon idonsa ya kawo ƙwalla. Don haka duk wanda ya ce a ƙara ko a canza, ko waye shi, ka ce to ranka shi daɗe, za a duba, sannan ka rubuta a littafi ka ba shi shi sa hannu, in ya wuce ka bi shi da saƙo, kamar yadda kunka umurta yau za a ƙara kaza, kuɗinsa kaza, zai ƙara kwana kaza, muna jiran amincewa a rubuce kafin mu fara. Ba rashin kunya ba ne, kuma manyan da sunka san aiki sun fi ganin girman mai yin haka.

Kuɗi

Kuskuren da na fi gani wajen sababbin manajoji shi ne auna ci gaban aiki da yawan kuɗin da anka kashe. An kashe rabi ba ya nufin an yi rabi. Ga yadda ake yi, da lambobin misali. A ce kasafin aikinka naira miliyan 60 ne, jadawali ya ce ƙarshen wata na uku a kai rabi, wato aikin miliyan 30. Ka ɗauki tef da BOQ ka auna abin da ke tsaye a ƙasa, ka tarar darajarsa miliyan 24 ce. Ka duba rasit ka ga an kashe miliyan 28. To 24 a raba da 30 ya ba ka 0.8, kana bayan jadawali ke nan. Sannan 24 a raba da 28 ya ba ka kusan 0.86, ma'ana duk naira ɗaya da ta fita aikin kwabo 86 ta haifar, in anka ci gaba a haka aikin miliyan 60 zai ci kusan miliyan 70. Wanga lissafi shi ne ake wahalar da mutane da shi a jarrabawar PMP da haruffa kala-kala, alhali abin ke nan. Ka yi shi duk ƙarshen wata, sai dai ka cire kayan da ke sito ba a yi aiki da su ba tukuna don kar su ruɗe ka. In ka ga lambar ta sauka ka bi sawu, ɓarnar siminti ce, sata ce, an sake aikin da anka yi ba daidai ba, ko farashi ne ya tashi.

Kuma ran da ka gano ka faɗa ma oga ranar. Na san yadda abin yake da nauyi, yaro bai son shi zama mai kawo labarin da ba a so, sai shi yi ta cewa komai lafiya lau yana fatan abin zai gyaru da kansa. Bai gyaruwa. Giɓin miliyan biyu a wata na biyu ana iya toshe shi, a canza mai kawo kaya, a rage ɓarna, a nemi ƙarin lokaci tun da sauran mutunci, amma giɓin miliyan goma ana saura sati biyu miƙa aiki ba abin da za a yi sai rigima. Ka je da lissafinka da shawara biyu ko uku a hannu. Ni duk yaron da ya zo min da matsala da wuri shi nake ƙara ba amana.

Kuɗin fara aiki kuma na aikin ne. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta sa masa iyaka kuma ta ce sai da takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora, don an san abin da ke faruwa, a karɓa a kai wani aikin daban ko a sayi mota. Kai ba ka da iko da asusun kamfani, amma kana da ikon rubuta jerin kayan da ya kamata a saya da kuɗin farko ka miƙa da kwanan wata.

Ka ware shafi guda na abubuwan da ka iya faruwa, kowanne da girman haɗarinsa da abin da za a yi da wanda zai yi. Ba ƙirƙira za ka yi ba, ka tuna abin da mun riga mun gani. A 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan, mai aiki can ba kira ba tiransifa. Farkon 2023 takardar kuɗi ta ɓace lokacin canjin naira, lebura kuwa kuɗi a hannu ya sani. Ranar 29 ga Mayun 2023 anka cire tallafin fetur, kuɗin dakon kaya ya tashi cikin kwanaki. Farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da dama, duk da ga masana'anta nan Kalambaina. Duk wanda ya sa hannu a farashi kulle kafin waɗannan ya ji jiki. Sai maganar tsaro, musamman in aikin na gabashin jiha ne wajen Isa, Sabon Birni, Rabah ko Goronyo. A nan ba ni da sassauci, babu ranar miƙa aikin da ta kai ran mutum guda. Ka tambayi mutanen gari kafin kowace tafiya, kar a kwana wurin aiki in sun ce kar a kwana, kar a san ranar da kake zuwa da kuɗin biya, in hanya ta ɓaci a tsaya a rubuta ma mai aiki dalili.

Mutane

Kafin injin haƙa shi iso ka riga shi zuwa, ka gaida uban ƙasa, ka zauna da hakimi da liman da hedimasta da kwamitin makaranta. Filin da za a haƙa rijiya a rubuta takardar kyautarsa da shaidu, don yau mai fili na murna, gobe magadansa na iya zagaye rijiyar da katanga. Kuma ka nemi hanyar jin ta bakin mata, ko ta wata malama ko ma'aikaciyar lafiya, tunda su da yara ke ɗiban ruwan, su sunka san in wurin da kunka zaɓa ya yi nisa ko yana gaban majalisar maza inda ba za su iya tsayawa ba. Binciken ƙasa ne ke faɗin inda ruwa yake, amma inda za a kai kawunan famfo da bututu wannan shawara ce, kuma a nan ake gane manajan da ya saurara. Leburan da ba na ƙwarewa ba ka ɗauka cikin gari, su za su tsare maka kaya.

Masu aikin hannu ka biya su ranar da ka ce, in ba za ta yiwu ba ka faɗa musu tun kafin ranar. Tsohon birkila ya fi ka sanin hannu, ka tambaye shi ka saurara, amma ma'auni naka ne, kwanon awo nawa na yashi ga buhu, tazarar rodi, kaurin daɓe, ba a sasantawa a nan. Za a zo maka da maganar a ƙara yawan bulo ga buhu, a sa rodi mai milimita 10 inda zane ya ce 12, a rage zurfin rijiya a rubuta cikakke, wani lokaci ma daga sama maganar za ta fito. Ƙanena yara ne za su zauna ƙarƙashin rufin nan. Ka ce a'a cikin ladabi, ka kawo hujjar lissafi, in an matsa ka ce a ba ka a rubuce, galibi daga nan maganar ke mutuwa. Garin nan ƙarami ne a wanga fanni, masu ba da aiki sun san juna, kuma sunan da ka yi a aikinka na farko shi za a riƙa faɗa in ba ka wurin.

Ta ɓangaren ƙara ilimi kuwa, abu biyu na ga suna ɗaga matasa fiye da kowane kwas, iya Excel sosai da iya rubuta rahoton shafi guda da Turanci mai tsabta wanda mai karatu zai gane ina aka kwana, mi ya rage, mi ake so shi yanke. Ka samu wani kwantiti sabeya, wato mai lissafin kaya da kuɗin gini, ka zauna kusa da shi ranar da yake auna aiki don biya, abin da za ka koya a yini guda yana da yawa. Ka samu babba guda a sana'ar da za ka riƙa kai ma tambaya ko sau ɗaya a wata, ka je da tambaya takamaimai, ba a taimaka min da shawara kawai ba.

Iyakar abin da zan iya faɗa maka ke nan daga gini da ruwa. Masu haɗa manhajar kwamfuta suna da tasu hanya ta yin aiki gutsure-gutsure suna gyarawa, wadda ta yi ƙarfi tun sanarwar Agile ta 2001, za ka haɗu da ita a jarrabawar PMP, amma wanda ya yi aiki da ita shi ya kamata shi koya maka. Kuma ban ga takardar kwangilarku ba, in ka ci karo da sharaɗin tara ko na sauyin farashi da ya shige maka duhu, kai shi ga kwantiti ko lauya kafin ka rubuta ma kowa wasiƙa a kai.

Ranar miƙa aiki kar ka tsaya ga yanke kyalle da hoto. Ka zagaya da injiniyan mai aiki ku rubuta duk ƙananan gyare-gyaren da sunka rage, ku sa ranar gama su. Ka haɗa fayil guda, rahoton haƙa mai nuna zurfi da irin ƙasar da anka ratsa, sakamakon gwajin ruwa, samfurin famfo da takardar garantinsa, lambar mai gyara, ka ba kwamitin gari kwafi ka riƙe kwafi. A koya ma mutum biyu cikin gari wanke faifan sola, don ƙurar hunturu kaɗai na iya rage ruwan da ke hawa tanki, a nuna musu inda ake kashewa da kunnawa, a kuma yarda tun ranar a kan yadda za a riƙa tara kuɗin gyara. Kuɗin da ake riƙewa, galibi kashi 5 cikin ɗari, ba su fitowa sai wa'adin gyara ya cika an sake dubawa, to ka sa ranar a wayarka ka koma da kanka kafin a kira ka. Sannan ka zauna da ma'aikatanka awa guda ku faɗi mi ya tafi daidai mi ya ba da wahala, ka rubuta shafi biyu ka ajiye tare da wasiƙar kammala aiki. Allah shi ba da sa'a, in ka kai matakin gwajin ruwa ka turo min sakamakon mu duba girman famfon tare.